Gonar Kukar Baba Iliya

"Kawu, ka bari mu sare kukokin nan. Wallahi don ranka muke yi."

Kassim ne yake magana daga bakin guttiya, ɗakin jinkan Baba Iliya, gatari a kafaɗa, maza uku a bayansa kowa da nasa. Ni ina durƙushe gaban angareb, gadon igiya, da ƙwaryar kunu, ina lallashin Baba Iliya ya sha ko kurɓi ɗaya. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni nake tsallako dangar da ta raba gidajenmu safe da yamma, don gidan ba mace, ba ɗa, sai akuya ɗaya mai cin jinkar ɗaki in ta ji yunwa.

Baba Iliya ya ture ƙwaryar da bayan hannu. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya dubi ɗan ƙanwarsa daga sama har ƙasa.

"Gatarin nan nawa ne," ya ce. "Tun bara ka ara."

Ɗaya daga cikin mazan ya fashe da dariya, ya yi maza ya haɗiye ta.

"Ya Kawu, ba lokacin wasa ba ne. Sun ci Inna Atine, sun ci Mujtaba, yanzu sun juyo kanka. Dattawa sun zauna bayan azahar sun ce a gwada. In an sare su, wataƙila Allah ya tashi kafaɗarka."

"In an sare su, in tashi in yi me?"

Baba Iliya ya juyo wajena.

"Barira, miƙo min sandata."

Na miƙa masa. Ya dafa ta, ya yunƙura, ƙafafunsa suna rawa kamar karan dawa a iska. Bai iya miƙewa ba, amma ya zauna a bakin gadon, kuma hakan ya isa mazan nan su ja da baya.

"Ina numfashi ba mai taɓa min kuka. Ranar da na mutu gona taka ce, ba ni da kowa sai kai, ka yi abin da ka ga dama. Ba za ka gaji da jira ba. Halas, shi ke nan. Ajiye min gatarina ka tafi."

Kassim ya jingine gatarin a bango. Na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba ko sallama.

Sai da takunsu ya ɓace Baba Iliya ya koma ya kwanta, tari ya sarƙe shi har na zaci a nan za a ƙare.

Duk Hillar Dambo, ƙauyenmu, daga bakin hafir inda muke ɗebo ruwa har hanyar Basunda, ba wanda bai san cewa ba a shuka kuka ba. Kakanninmu da suka taho daga Yamma a ƙasa za su Makka, suka yada zango a ƙasar Gadarif suka zauna, tare da tukwanensu suka ɗauko wannan magana. Kuka ta Allah ce, in ya ga dama ya tsiro da ita a daji. Wanda ya sa irinta a ƙasa da hannunsa ba zai ga 'ya'yanta ba, kuma kafin ya tafi sai ta rage masa mutanen gida. Ba wanda ya taɓa gaya mini sunan wanda abin ya faru da shi. Mun dai taso mun sani.

Kuma ba ma kwana biyu ba mu kaɗa miyarta ba. A baƙar ƙasarmu ba kuka ko ɗaya, ni da har nake jiran jika ban taɓa ganin tsohuwar kuka ba sai sau ɗaya, ta tagar mota. Daga Damazin da Kordofan ake lodo garin a lori, ya iso mana ya tsufa, ya koɗe, rabinsa yashi. In azumi ya zo kuma Larabawa su yi ta rububin 'ya'yanta, gongoles suke ce musu, mu ma mu saya mu jiƙa mu sha ruwa da su.

Baba Iliya ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan dawa da riɗi a gonakin manya, bana Fashaga, baɗi Gadambaliya, ya dawo da ƙaiƙayi a wuya da aljihu mara nauyi. Wata rana a suk, kasuwar Gadarif, ya tsaya ya ga buhun gongoles ya fi buhun dawarsa daraja nesa ba kusa ba. Ya dawo gida da iri a ƙulle a bakin rawani. Shekarar da sojoji suka hau mulki da kabbara ke nan.

Ya kewaye 'yar gonarsa da ƙaya mai tsayi, ya daina shuka dawa. Da rani, lokacin da ƙasa take tsagewa har ƙafar ɗan rago ta faɗa ciki, shi yana bin jaki da tuluna daga hafir yana shayar da abin da ba wanda yake son gani. Ya ce ganye na mutanenmu, 'ya'ya na Larabawa, ɓawo a tuƙa igiya, kuma ba fari ba tsuntsu da zai cinye masa. Aka yi masa dariya, aka yi masa faɗa, aka tura masa dattawa. Ba wanda ya taɓa leƙa cikin gonar. Sai da itatuwan suka zarce ƙayar muka fara hango kawunansu, ganye mai yatsu biyar kamar hannuwa suna kiran mutum.

Atine matarsa ta rasu a damina ta biyu. Ciwon ciki ne, irin wanda ya ɗauki mata huɗu a hillar a shekarar, amma nata kaɗai aka lissafa wa kuka. Bayan wasu shekaru aka tare lori a bakin suk aka kwashe samari zuwa yaƙin Kudu, da Mujtaba a ciki, ɗansa tilo, da kuɗin cefane a hannunsa. Da labari ya zo, wasu mutane suka sauka daga mota da ganguna da buhun sukari, suka ce ba a hawaye, bikin shahidi ake yi, an ɗaura masa aure a Aljanna. Baba Iliya ya zauna a tabarma ya saurare su har suka gama. Da suka tafi ya ɗaura wa jaki tuluna.

Daga nan aka janye masa. Ba gaba aka yi da shi ba, ana gaisawa daga nesa. Amma ba mai shan shayinsa, kuma a sahu sai ka ga ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da ta kusa da shi. Garin kukar da yake dakawa, kore shar, mai ƙamshi, ba macen da za ta saya. Sai ya kai wa wani ɗan kasuwa a Gadarif.

"Hajjo maƙwabciyarmu ta sayo kukar Damazin jiya," ya taɓa gaya min ta kan danga, yana dariya har da tari. "Na ga ɗinkin bakin buhun a shagon. Ɗinkina ne."

A shekaru biyun ƙarshe ya fito da wata sabuwa. Sai ka gan shi da damin ƙaya a ka yana bin bayan gidajen mutane, wajen magudanar ruwan wanke-wanke, yana kewaye wasu 'yan tsirrai marasa suna don kada awaki su ci. Ya yi a bayan ɗakina, ya yi a bayan gidan Hajjo, ya yi a bayan wurin alwala na masallaci. Aka ce kan tsoho ya taɓu, kaɗaici ne. Aka ƙyale shi.

Washegarin zuwan su Kassim, Ustaz Faisal limaminmu ya zo dubiya. Saurayi ne, a Khartum ya yi karatu, jallabiyarsa kullum fara fat kamar ba a kan ƙasarmu yake tafiya ba. Ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya gyara murya.

"Ya Ammi Iliya, na gaya musu a huɗuba, wannan camfi ne. Itace ba ya kashe mutum. Wanda ya yarda da haka ya taɓa shirka, wal'iyazu billahi."

"Allah ya saka da alheri, Ustaz."

"Kuma shuka itace sadaka ce mai gudana."

"To tunda haka ne, ka yi min wata alfarma. Ƙafata ta ƙi ni. Bana nake sa ran babbar ta tsakiyar gona za ta yi fure. Ka shiga ka duba min."

Ustaz ya dubi ƙofa. Ya dubi takalminsa.

"In sha Allahu. Bayan la'asar."

La'asar ta yi, magariba ta yi. Baba Iliya ya sa na juya masa angareb yana fuskantar ƙofa, ya yi ta kallon hanya har duhu ya fara. Ni ma bai roƙe ni ba, don ya san amsata. Ni mai kawo kunu ce, zan wanke masa riga, zan share masa ɗaki, amma ko garin kukarsa ban taɓa sa wa a tukunyata ba. Ina da 'ya ɗaya a duniya, Rufaida, tana aure a Basunda, ga ciki na fari ya tsufa.

Ranar da zai rasu gari ya wayi da zafi mai nauyi, hadari yana taruwa ta gabas, ta wajen Habasha. Ya ce in fitar da shi rakuba, rumfar ƙofar ɗaki, ya sha iska. Na tallabe shi. Ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara.

"Barira, je ki bayan ɗakinki. Ɗan icen nan da na kewaye, tsinko min ganye ɗaya."

"Baba, magani ne?"

"Je ki dai."

Na je. Ya kai min gwiwa, siriri kamar bulala, ganyensa ɗai-ɗai masu tsini, irin na kowane tsiro. Na tsinko na kawo.

"Tauna."

"Ni?"

"Ba zai kashe ki ba. Tauna."

Na sa a baki. Na tauna sau ɗaya, sau biyu. Yauƙi ya cika min harshe, da wannan ɗanɗano da na sani tun ina goye. Na tofar, na miƙe tsaye, ƙwaryar kunu ta kife.

"Inna lillahi! Kuka ce!"

"Kuka ce."

"Ƙarya ne! Ganyen kuka yatsu biyar ne!"

"In ta girma. Tana ƙarama ganye ɗaya take yi, ba mai gane ta. Sai ta yi ƙarfi ya rabu uku, sannan biyar. Ba wanda ya taɓa shiga gonata, ina za ku sani?"

"Baba Iliya, me na yi maka? Kowa ya guje ka, ni ban guje ka ba. Sai ka shuka min mutuwa a bayan ɗaki? Rufaida tana hanya, nan za ta zo ta haihu!"

"Ni ban shuka ba."

"To wa?"

"Ke."

"Ni?"

"Azumin bara waccan, wa ya jiƙa gongoles da ruwan zafi don ya yi saurin narkewa? Da kika tace, ina kika watsar da ƙwallayen?"

Na ga kaina da kwano a hannu, gab da kiran magariba, ina watsawa bayan ɗaki inda nake zubar da ruwan wanke-wanke.

"Irin kuka yana da taurin kai, sai ya ji ruwan zafi yake farkawa. Ni ma haka nake yi wa nawa. Duk shekara kuna shukawa, Barira. Ke, da Hajjo, da Fatsuma matar Kassim, har ladan da yake jiƙa wa masu buɗa-baki a masallaci. Tun kakanninmu ake yi. Awaki ne suke bi suna cinyewa. Ni ƙaya kawai na sa."

Ya yi tari, ya huta, ya sake kama numfashi.

"Gonar ta tafi, na sani. Kassim yaron kirki ne, tsoro yake ji, zai sare. Waɗannan ƙananan ne suka rage min. Da na so in tafi da maganar a cikina. Amma ƙaya tana ruɓewa da damina, sai an sabunta. Kuma in ganyen ya rabu za su gane."

"Shi ya sa ka gaya min? In zama mai gadin aljanu?"

"Ba ni da wanda zan gaya wa."

Na juya na tsallake danga, ko ƙwaryata ban ɗauka ba.

Na ɗauki fartanya na nufi bayan ɗaki. Na yaye ƙayar da ƙafa, ɗaya ta soke ni a ɗan yatsa ban ko ji ba. Sara ɗaya ya isa. Na ɗaga fartanyar.

Sai na tuna bara Rufaida ta zo ta yi wata guda a gidan nan, a nan take zubar da ruwan wanka, kan wannan tsiron. Ta koma Basunda lafiya, ta sami cikin da muka yi shekara uku muna roƙo. Na tuna Hajjo, da nata ya fi nawa tsayi, tana nan da ƙibarta da bakinta, ko mura ba ta yi ba. Na kuma tuna Atine, yadda aka fito da ita a kan angareb. Fartanya tana sama, hannuna ya gaji, na kasa saukewa, na kasa ajiyewa.

Iska ta taso da ƙamshin ruwa. Ta kan danga na ji tarinsa, wani iri, ba irin na kullum ba.

Na yar da fartanya na ruga.

Yana nan yadda na bar shi a rakuba, kansa ya karkace, akuyar tana tsaye a gefensa tana lasar kunun da ya zube. Na ɗago kansa na ɗora a cinyata. Idonsa ya buɗe kaɗan.

"Kin sare?"

"Ban sare ba tukuna."

"Tukuna ma ta isa."

Can ya ce, "Ustaz bai zo ba?"

"Yana hanya, Baba."

"Babbar ta tsakiya. Da na so in sani."

Ɗigon farko ya faɗo kan jinka. Na fara laƙana masa kalmar shahada, yana bi da leɓe, sauti ba ya fita. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na yi ta kiran Kassim, na kira Hajjo, na kira duk sunan da ya zo bakina, amma ruwan ya fi ƙarfin muryata. Haka ya cika, ni da shi da akuya, la'asar sakaliya.

Sai da aka ɗauke ruwan na rufe masa ido, na ja mayafina na lulluɓe shi, na fita cikin taɓo ina ƙwanƙwasa ƙofofi.

Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen hilla sun fito. Kassim ne ya yi masa wanka, yana yi yana sharar hawaye da hannun riga. Ustaz Faisal ya sallace shi. Aka ɗauke shi a kan angareb ɗinsa. Hanyar maƙabarta ta gefen gonarsa ta bi, amma sai suka karkata suka zagaya ta bayan hafir, cikin baƙin taɓon nan namu da yake kama ƙafa ya cire wa mutum takalmi. Daga ƙofar gida ina hango su suna zamewa, suna canjin kafaɗa, gawar tana tangaɗi a sama.

A zaman makoki Hajjo ta zauna kusa da ni tana soya bun, 'ya'yan gahawa, a kasko.

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma an gaya masa. Ya ga 'ya'yanta? Bai gani ba. Ke ma, Barira, ki yi sadaka, kin cika shiga gidan nan."

"Zan yi, Yaya Hajjo."

Ana tashi daga makoki su Kassim suka shiga gonar. Wannan karon maza sun fi goma, Ustaz yana tsaye daga bakin ƙaya yana karanta Ayatul Kursiyyu. Mu mata muna kallo daga nesa. Itatuwan sun fi mutum biyu tsayi, gindinsu ya kai turmi, sun fito da sabon ganye. Gatari ya ƙi cinsu yadda ya kamata. Jikin kuka laushi gare shi, ruwa ne da zare, sai gatarin ya nutse ya maƙale, a yi ta fama a ciro. Suka wuni suna gumi. A ƙarshe Kassim ya aro tarakta daga wata babbar gona, aka ɗaura sarƙa ana tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya. Ko itacen girki ba a samu ba, ba ya cin wuta. Aka ja su aka jibge a bakin rafi.

Da yamma, da kowa ya watse, na ɗauki tulu kamar za ni ɗebo ruwa, na bi ta bakin rafin. Ban taɓa matsawa kusa da su haka ba. Babbar tana kwance a sama, saiwarta tana kallon gari. A wani reshe na ga wani abu yana reto a dogon tsinke, kore, kamar ƙwan kaza. Bakinsa ya fara tsagewa, farin fure ya leƙo daga ciki. Guda ɗaya ne tak.

Na daɗe a tsaye. Ba wanda zan kai wa labarin.

Kassim ya shuka riɗi a gonar. Akuyar ya ba ni, ya ce ladan jinya. Guttiyar Baba Iliya ta zauna a rufe, ciyawa ta cinye tsakar gidan, ni kuma in na gama abinci har yanzu sai in ga na raba kwano biyu.

Rufaida ta iso da cikinta a gaba, mijinta ya kawo ta a bayan lori. Ban gaya mata komai ba. Na mayar da ƙayar bayan ɗaki, na ƙara sabuwa. Da safe in na je hafir sai in saro 'yan rassan ƙaya in ɗora a kan tulu, in biyo ta bayan gidaje. Wata rana Fatsuma ta kama ni a bayan nasu.

"Inna Barira, ke ma kin gaji haukar Kawu?"

"Na ga ƙayar ta ruɓe ne, awaki za su shiga."

"Kwayyis, kin kyauta. Kassim ya ce kada a taɓa tsiron nan. Ya ce shi kaɗai ne abin da Kawu ya bar mana da hannunsa, kullum da kansa yake zuba masa ruwan alwala. Wai in ya girma a nan zai riƙa shan shayi." Ta sunkuya ta shafa ganyen. "Wane irin ice ne ma?"

"Ice ne dai," na ce. "In ya girma ma gani."

Ranar da Rufaida ta fara naƙuda, da sassafe ne, an kwana ana yayyafi. Na aika a kira unguwarzoma, na ɗora ruwa a wuta, na zagaya bayan ɗaki da buta don in yi alwala. Tsiron ya kai min ƙugu yanzu. A can samansa wani sabon ganye ya buɗe, ɗanye shar, da raɓa a jikinsa. Ya rabu uku.

Daga ɗaki na ji muryarta. "Inna! Inna, kina ina?"

"Ga ni nan, 'yar nan."

Na duba hagu, na duba dama. Ba kowa sai akuyar Baba Iliya a turke, tana kallona tana tuƙa. Na sa farce na tsinke ganyen, na ƙulle shi a bakin mayafina. Ragowar ruwan butar na tsiyaye a gindin, a hankali, har baƙar ƙasar ta shanye.